Kwaɗo, Kuba ko Makullin Yatsa: Wanne Ya Dace da Ƙofa a Zamanin Na'urar Buɗe Makulli Mai Batir?

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon da ake zura wata 'yar na'ura mai batir a bakin kwaɗo, ta yi ƙara na ɗan lokaci, sai kwaɗon ya buɗe ba tare da mabuɗi ba, dole hankalinsa ya koma kan abin da ya rataya a ƙofar shagonsa ko ta ɗakinsa. Daga nan sai shawara ta rabu: a ci gaba da kwaɗon da aka saba, ko a koma kuba, ko a zuba kuɗi a makullin Turai mai tsada, ko kuwa a bi yayin makullin lamba da na zanen yatsa. Amsar ba za ta zama ɗaya ga kowa ba, domin nau'i ɗaya na makullai ne na'urar take yi wa illa, kuma tana cikin hanyoyin da ba a cika bi ba wajen shiga wurin da aka kulle. Wanda ya fahimci wannan zai kashe kuɗinsa a inda raunin ƙofarsa yake, maimakon inda bidiyo ya tsorata shi.

Abin da na'urar ke yi, da inda ƙarfinta ya tsaya

Mafi yawan makullan da ke hannun jama'a, daga kwaɗon tagulla zuwa silindar ƙofar falo (ɓangaren makullin ƙofa da ake zura wa mabuɗi), tsari ɗaya suke bi, wato tsarin fil da Linus Yale da ɗansa suka daidaita a Amurka tsakanin 1848 da 1865. A cikin jikin makullin akwai wata 'yar ganga mai juyawa, an kuma huda ramuka a jere da suka ratsa jikin suka shiga gangar. Kowane rami yana ɗauke da fil biyu, ɗaya bisa ɗaya, da sifirin yana danna su. Muddin babu mabuɗi, fil na sama yana tsaye ne wani sashensa a jikin makulli wani sashen a cikin ganga, shi ya sa gangar ba ta motsi. Haƙoran mabuɗin asali suna ɗaga kowane fil daidai gwargwadon da mahaɗar fil biyun za ta zo daidai da bakin ganga, a nan ne hanya ke buɗewa.

Na'urar mai batir ba ta san tsawon kowane fil ba, kuma ba ta buƙatar sani. Ƙaramin injin da ke cikinta yana kaɗa wata siririyar allurar ƙarfe da sauri, allurar tana bugun fil na ƙasa, shi kuma yana miƙa ƙarfin bugun ga na sama, kamar yadda ƙwallon sinuka ke tsayawa ta tura wadda ta buga. Idan aka yi sa'a dukan fil na sama suka yi tsalle a lokaci ɗaya, to a wannan ƙiftawar idon babu abin da ya tokare ganga. Dabarar bugun makulli da wani mabuɗi na musamman, wadda ƙungiyar masu nazarin makullai ta ƙasar Holan mai suna TOOOL ta fito da ita fili a 2005, a kan wannan ka'ida take ita ma.

Daga wannan bayani iyakar na'urar ta bayyana. Tana buƙatar fil da ke tsaye a jere, masu sifirin, masu santsi, da bakin makulli mai faɗin da allura za ta yi wasa a ciki. Makullin da ba fil ne a cikinsa ba, ko wanda yake da wani shinge na biyu da tsalle ba ya kawar da shi, ya fi ƙarfinta. Sannan tana da ƙara, tana barin kwarzane a jikin fil, tana kuma buƙatar hannu da ya saba. Asalinta kayan aikin masu gyaran makulli ne da ake kira idan mabuɗi ya ɓata, amma wasu ƙasashe sun ɗauki haɗarinta da muhimmanci: Japan ta kafa doka a 2003 da ta hana riƙe kayan buɗe makulli ba tare da dalili na halas ba, bayan da sata ta wannan hanya ta yi yawa a can, a Ingila kuma dokar sata ta 1968 ta mai da yawo da kayan fasa gida da niyyar sata laifi mai zaman kansa.

Ma'aunan da za a yi hukunci da su

Ma'auni na farko shi ne juriya ga buɗewa ta dabara, wato na'urar da ake magana a kai da danginta. Na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi a shago da gida, shi ne juriya ga ƙarfi: almakashin yanka ƙarfe, guduma, ƙarfen ɓanɓara, injin huji, da injin yanka mai batir. Mai fasa shago da tsakar dare ba ya damuwa da a gane an shiga, don haka abin da ya fi sauri yake ɗauka. Buɗewa ta dabara ta fi zama damuwa a inda mai shiga yake so a rasa gane cewa an shiga, misali sito, ofis, ko ɗakin haya a gida mai yawan jama'a.

Na uku shi ne ikon mabuɗi: nawa ne suke yawo, a hannun wa, kuma ko kowane mai yanka mabuɗi a bakin kasuwa zai iya yin kwafinsa cikin mintuna kaɗan. Wannan ma'auni mutane sun fi mantawa da shi, alhali yaron shago da aka sallama ko tsohon ɗan haya ba ya buƙatar wata na'ura. Na huɗu shi ne ƙarko a yanayin ƙurar hunturu da ruwan damina. Na biyar shi ne sauƙi, wanda ya haɗa da samun mai gyara a kusa da kuma iya fita da sauri idan gobara ta tashi, musamman a gidajen da tagoginsu duk an yi musu bagila. Farashi kuwa an auna shi a nan da kwatanta nau'o'in da junansu, tunda kusan dukansu kayan waje ne kuma kuɗinsu yana tafiya da canjin dala.

Akwai abu ɗaya da ya shafi dukan ma'aunan, wato makulli lokaci yake saya. A 1851 wani Ba'amurke mai suna Alfred Hobbs ya buɗe makullin Bramah da ya shafe shekaru da yawa a tagar wani shago a Landan ana ƙalubalantar jama'a da shi, amma sai da aikin ya ci masa sa'o'i 51 a cikin kwanaki 16. Makullin da zai tsayar da ƙwararre na tsawon haka ya yi aikinsa, ko da an buɗe shi daga baya.

Kwaɗon kasuwa mai araha

Shi ne ya fi kowane yawa, na tagulla ko na baƙin ƙarfe, irin su Tri-Circle na ƙasar Sin da kwaikwayonsa marasa iyaka. Araharsa da samuwarsa a kowace tireda ba abin musu ba ne. Matsalarsa ita ce ya cika dukan sharuɗɗan da na'urar ke so: fil kaɗan, sau da yawa uku ko huɗu a ƙananan, dukansu masu santsi, da aikin da ba a matse ba, ta yadda ganga ke ɗan rawa ko babu mabuɗi. Ƙarancin fil yana haifar da wata illar, domin yawan mabuɗan da za su bambanta da juna yana raguwa, shi ya sa ba abin mamaki ba ne mabuɗin wani ya buɗe kwaɗon maƙwabcinsa idan iri ɗaya ne.

Amma ko ba a zo da wata dabara ba, wuyan kwaɗon, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake saƙalawa, shi ne babban rauninsa. Siriri ne, a fili yake, kuma a na jabu rubutun da ke cewa an ƙarfafa ƙarfen ado ne kawai. A cikin da yawa daga cikinsu wani ɗan harshe mai sifirin ne yake riƙe da wuyan, wanda duka mai ƙarfi ko siririn falle na iya turawa baya. Ga alama mai sauƙi da za a duba a wurin mai sayarwa: a buɗe kwaɗon a kalli tsagin da ke jikin wuyan. Idan tsagi ɗaya ne mai kusurwa a ƙafa ɗaya, harshe mai sifirin ne. Idan kuwa akwai lotsawa mai zagaye a ƙafafu biyu, to ƙwallayen ƙarfe ne ke riƙe da shi ta ɓangarori biyu, kuma wannan ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Al'adar jera kwaɗo uku ko huɗu masu araha a ƙofar shago, wadda ake gani a kasuwanni irin su Sabon Gari da Kantin Kwari, tana ƙara ɗan lokaci kuma tana razana mai ƙaramin nufi, sai dai almakashin da ya yanka na farko shi zai yanka na huɗu. Kuɗin huɗun da an haɗa shi an sayi ɗaya mai rufaffen wuya, wato wanda jikinsa ya lulluɓe wuyan, da ya fi.

Silindar ƙofa da kwaɗo mai fil na tsaro

Wannan shi ne matakin tsakiya, kuma a nan mafi yawan masu gida ya kamata su tsaya su yi nazari. Tsarin dai na fil ne, amma an ƙara yawansu zuwa shida ko fiye, an matse aikin, an ƙuntata bakin makulli da lanƙwasa, an kuma sassaƙa wasu fil na sama da siririn ƙugu ko tsage-tsage domin su maƙale a bakin ganga idan aka matsa mata ba da mabuɗi ba. Wasu kamfanoni suna bambanta ƙarfin sifirin ko su sa fil ɗaya gajere domin kada dukansu su yi tsalle tare. Duk wannan yana wahalar da na'urar, ko da yake bai kore ta gaba ɗaya ba. Mabuɗin da aka yi wa ɗigo-ɗigon ramuka a shimfiɗarsa maimakon haƙora yana burge mai saye, amma a lura cewa a na araha fil da sifirin ne dai a ciki, an sauya musu wuri ne kawai, don haka surar mabuɗi kaɗai ba hujjar tsaro ba ce.

Silindar da ake sawa a yawancin ƙofofin zamani, har da ƙofofin ƙarfe da ake shigowa da su daga Turkiyya da Sin, tana da wani rauni da ba shi da alaƙa da fil. A tsakiyarta, inda aka huda ramin sukurun da ke riƙe ta, ƙarfen ya sirance sosai, kuma idan kan silindar ya fito waje har ana iya kama shi da kayan aiki, ana karya ta a nan. Ƙofar da take da harsuna goma masu shiga bango ta sama da ƙasa da gefe, wannan 'yar silinda ɗaya ce ke sarrafa su duka, kuma sau da yawa ita ce abu mafi araha a jikin ƙofar. Maganin abu biyu ne. Na farko a auna silinda daga ramin sukuru zuwa kowane ɓangare a sayi daidai kaurin ƙofa, yadda ba za ta fito fiye da milimita 3 ba. Na biyu a nemi wadda aka ƙera domin kanta na waje ya gutsure shi kaɗai ya bar sauran a kulle. A Birtaniya ana gane irin wannan da alamar taurari uku ta ma'aunin TS 007, ma'aunin Turai na silinda gaba ɗaya kuwa shi ne EN 1303.

Babban alherin silinda shi ne sauƙin sauyawa, domin sukuru ɗaya ake kwancewa a gefen ƙyaure a zare ta a sa sabuwa ba tare da an taɓa sauran makullin ba. Ana kuma samun mai 'yar marfin murɗawa ta ciki, wadda ke ba mutanen gida damar fita ba tare da laluben mabuɗi cikin duhu da hayaƙi ba, sai dai ba ta dace da ƙofar da ke da gilashi ko taga kusa da hannu ba. Ga kwaɗo a wannan mataki, ma'aunin EN 12320 ya kasa su daraja 1 zuwa 6, kuma daga 4 zuwa sama ne ake maganar kaya masu tsada.

Kuba mai dogon mabuɗi

Kubar da ake binnewa a cikin ƙyaure, mai dogon mabuɗi da tuta a ƙarshensa, ta girmi tsarin Yale. Robert Barron ya fito da tushenta a Ingila a 1778, Jeremiah Chubb ya inganta ta a 1818. A cikinta fallayen ƙarfe ne a jere, kowanne da tsagi, kuma sai mabuɗi ya ɗaga kowane falle daidai, ba ƙasa ba ba sama ba, harshen kuba zai sami hanyar wucewa. Na'urar mai batir ba don wannan tsari aka yi ta ba, kuma ba ta da abin bugu a ciki.

Sai dai kuba suna ta tara. Mai falle biyu ko uku, wadda kafintoci ke sawa a ƙofofin ɗakuna, an yi ta ne don sirri tsakanin mutanen gida ɗaya. Mabuɗanta iri kaɗan ne, har akan buga musu lamba a jiki a sayar da su a warwatse, don haka sa ta a ƙofar waje kuskure ne. Mai falle biyar ita ce ta tsaro, kuma wadda ta cika ma'aunin Birtaniya na BS 3621 tana da harshe mai fita milimita 20, da faranti mai hana huji, da aƙalla mabuɗai 1,000 mabambanta. Tana da ƙarko, ƙura ba ta cika dame ta ba saboda kayan cikinta manya ne, farashinta kuma matsakaici ne. Sharaɗinta shi ne ƙyaure mai kauri na katako mai ƙarfi, domin ramin da ake fafewa yana raunana siririn ƙyaure, ga shi kuma dole sai da mabuɗi ake buɗe ta ko daga ciki. Sunayen kamfanoni irin su Union sun sha kwaikwayo a kasuwa, saboda haka nauyin kubar a hannu da tsabtar aikin mabuɗinta sun fi rubutun kwali gaskiya.

Makulli mai faya-fayai

Idan tsoron mai saye na'urar mai batir ce tsantsa, wannan shi ne amsa mafi kai tsaye. Emil Henriksson ya ƙirƙiro shi a Finland a 1907, kuma daga nan kamfanin Abloy ya samo asali. A cikinsa babu fil, babu kuma sifirin da ke danna wani abu a kan mabuɗi. Jerin faya-fayan ƙarfe ne, kowanne da tsagi a gefensa, mabuɗi kuma mai yanka a karkace yana juya kowane faifai zuwa kusurwarsa har tsagogin su zo layi ɗaya, wata sanda ta faɗa ciki, sannan makulli ya juya. Tunda babu abin da zai yi tsalle, bugu da kaɗawa ba su da tasiri a kansa ko kaɗan. Rashin ƙananan sifirin ɗin nan ne kuma ya sa yake jure ƙura da ruwa fiye da makullin fil, shi ya sa ake yawan ganinsa a kwantena, da turakun sadarwa, da ƙofofin da ke cikin rana da ruwa shekara da shekaru.

A nan ma akwai na sama da na ƙasa. Na Abloy da manyan kwaɗunan ABUS na Jamus, kamfanin da aka kafa a 1924, suna da tsada, kuma ba kowane mai yanka mabuɗi ke da injin da zai kwafe su ba, wanda hakan tsaro ne a rana ta lafiya, wahala ce kuma ran da mabuɗi ya ɓata. Na araha da ake ƙerawa a Sin sun gaji kariyar tsarin daga na'urar mai batir, amma akwai wani ɗan kayan aiki na daban da ƙwararru ke buɗe su da shi, kuma jikinsu da wuyansu ba lallai su fi na kwaɗon kasuwa ƙarfi ba. Duk da haka, idan kuɗin ɗaya ne, na fi karkata ga mai faya-fayai a kan mai fil huɗu. Mai amfani da shi ya saba da tura mabuɗi har ƙarshe kafin ya murɗa, domin murɗawa a rabin hanya ita ce ke lanƙwasa mabuɗin.

Makullan tsaro na ƙoli

Kamfanoni irin su Medeco na Amurka da Mul-T-Lock na Isra'ila suna ƙara shinge na biyu a kan fil. A Medeco sai an ɗaga fil an kuma juya shi zuwa wata kusurwa kafin wata sanda da ke tokare ganga ta gefe ta saki, abin da tsalle kaɗai ba zai yi ba. Abin da ake biya wa kuɗi da gaske a wannan mataki shi ne ikon mabuɗi, domin ba a yin kwafi sai an nuna katin mallaka ga dillalin da kamfani ya amince da shi. Wanda ba shi da irin wannan dillali a garinsa ko kusa ya yi tunani sau biyu.

Makullin lamba da na zanen yatsa

Kwaɗon lamba mai ƙafafun juyawa ba shi da bakin da za a zura allura, amma mai ƙafa uku lambobi 1,000 kacal gare shi, mai huɗu kuma 10,000, ga shi na araha sukan tona asirin kansu ga yatsan da ya iya saurare. Wurinsa jakar tafiya da akwatin ɗalibi.

Makullin ƙofa mai batir, na lamba ko kati ko zanen yatsa, ya warware matsalar mabuɗi ta hanya mai kyau, domin ana ba mai aiki lambarsa a goge ta ran da ya tafi, wasu ma suna ajiye tarihin wanda ya buɗe da lokacin. Amma a juya shi a duba ƙarƙashinsa. Kusan kowanne yana da ɓoyayyen bakin mabuɗi na ko-ta-kwana saboda ranar da batir zai mutu, kuma a na araha wannan bakin silindar fil ce mafi rauni, wato an dawo inda aka fito. Sannan kayan lantarki ba sa son zafin rana kai tsaye da ruwan sama, na'urar karanta yatsa kuma takan ƙi yatsa mai jiƙa ko maiko ko wanda aiki da shekaru suka goge. Sabon kamfani ma yakan iya gazawa a ƙira da manhaja duka, kamar yadda aka gani a 2018 da kwaɗon yatsa na Tapplock, wanda masu bincike suka nuna raunin jikinsa da na sadarwarsa ta Bluetooth. Makullin maganaɗisu da ake sawa a ƙofofin ofisoshi kuwa yana riƙe ne muddin akwai wuta, ana ɗauke ta yake saki, don haka ba a dogara da shi sai da batir na ajiya.

| Nau'i | Na'ura mai batir | Ƙarfi | Kwafin mabuɗi | Ƙura da ruwa | Farashi |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwaɗon kasuwa | Rauni sosai | Rauni | A ko'ina | Matsakaici | Mafi araha |
| Silinda mai fil na tsaro | Tana wahalar da ita | Mai kyau idan ba ta fito waje ba | Da sauƙi | Matsakaici | Matsakaici |
| Kuba mai falle biyar | Ba ta aiki | Mai kyau a ƙyaure mai kauri | Da ɗan wuya | Mai kyau | Matsakaici |
| Mai faya-fayai na asali | Ba ta aiki | Mai kyau ƙwarai | Da wuya | Mafi kyau | Tsada |
| Mai faya-fayai na araha | Ba ta aiki | Ya danganta da wuyansa | Da ɗan wuya | Mai kyau | Araha |
| Na tsaron ƙoli | Da ƙyar | Mai kyau ƙwarai | Sai da kati | Mai kyau | Mafi tsada |
| Na yatsa ko lamba mai batir | Ya danganta da bakin ko-ta-kwana | Ya bambanta | Ana goge lamba | Rauni a waje | Matsakaici zuwa tsada |

Teburin bai nuna abin da makulli ke maƙale a jikinsa ba, kuma sau da yawa a nan ake faɗuwa. Kwaɗon daraja ta 5 da aka saƙala a kunnen ƙarfe siriri wanda mai walda ya ɗiga wa wuta sau biyu, ko a ƙarfen da kawunan sukurunsa ke kallon waje, ƙarfinsa bai wuce na wannan kunnen ba. Haka harshen kuba da ke shiga ruɓaɓɓen katako, ko ƙyauren da za a iya ɗagawa daga maƙalansa. Game da kulawa kuma, zuba baƙin mai ko man girki a bakin makulli yana tara ƙura ya zama laka, fil su daskare. Garin bakin fensir ko man feshi marar maiƙo ya wadatar wa makullin yau da kullum.

Wanne ga wa

Mai shago a kasuwa ko bakin titi, wanda babban haɗarinsa almakashi ne da ƙarfen ɓanɓara, ya nemi kwaɗo ɗaya ko biyu masu rufaffen wuya mai kaurin milimita 10 ko fiye, mai faya-fayai idan aljihu ya kai, ya kuma sa mai walda ya ƙera masa akwatin ƙarfe da zai lulluɓe kwaɗon ya bar gurbin hannu da mabuɗi kawai ta ƙasa. Wannan akwati yana hana almakashi kama wuya, yana kuma hana na'urar mai batir samun sararin tsayawa daidai da bakin makulli.

Mai gida da ya sa ƙofar ƙarfe ta zamani ya cire silindar da ta zo da ita ya sa mai fil na tsaro da kariyar karyewa, daidai kaurin ƙofar, tare da karɓe dukan mabuɗan da suka bi ta hannun magina. Mai ƙyauren katako mai kauri ya sa kuba mai falle biyar, ya ware wa mabuɗinta wuri ɗaya sananne kusa da ƙofa wanda kowa a gidan ya sani, ya ƙara da sakata mai ƙarfi ta ciki domin dare, tunda sakata ba ta da bakin da wani zai taɓa daga waje.

Ɗan haya da ya tare a sabon ɗaki, abu na farko a gare shi sauya silinda ko kwaɗo tun ranar farko, ko da da matsakaici ne, ya adana tsohon ya mayar ran tashi. Mai sito, ko kantin magani, ko ofishin da ma'aikata ke sauyawa, shi ne ya fi kowa cancantar kashe kuɗi a makulli mai katin mallaka, ko makullin lamba daga kamfani sananne a ƙofar ciki da rana da ruwa ba sa kaiwa, bayan ya tabbatar da ingancin bakin ko-ta-kwana. Mai kwantena, ko gidan gona, ko ɗakin janareta da ke fili ya tsaya a kan mai faya-fayai. Kwaɗon kasuwa mai araha kuma ya ci gaba da zama a akwatin kaya, da ƙofar ɗakin girki, da kejin kaji, inda abin da ake so shi ne hana yara da mai wucewa miƙa hannu.